Takarda Mai Gida Huɗu

Daga sakatariyar Gagarawa aka aiko ni
da biro biyu da takarda mai gida huɗu:
abinci, magani, makaranta, jari.
Wai in bi ƙauye ɗaki-ɗaki in tambayo
ina kuɗin tallafi ya shiga.

Na fara da Tabawa, matar marigayi Nomau.
Ta shimfiɗa mini buhu a gindin darbejiya,
ta ce, "Rubuta: gero tiya uku, manja, gishiri."
Na rubuta.
Sai ta sassauta murya kamar mai amsa laifi:
"Da goro, marsa biyu.
Rabona da goron da ba roƙonsa na yi ba
tun ranar sadakar arba'in ta Malam."
Na duba takarda sama da ƙasa.
Goro ba shi da gida.

Tsoho Ɗantani bai ɓoye komai ba.
Batir ya saya wa rediyonsa,
sannan tsire na dubu ɗaya ranar kasuwa.
A bayan rumbu ya ci, shi kaɗai,
da sauran haƙoransa biyar,
jikoki na wasa can ƙofar gida.
Ya ce, "Na ji kunya, yaro.
Amma nadama, ban ji ba."

Gidan Bawale ne ya tsaya mini a wuya.
Shi ke dakon riɗi a bakin mota,
buhu arba'in kafin azahar.
Idonsa ja kamar gauta, hannu na rawa,
ya ce rabin kuɗin ƙwaya ya saya,
in bai haɗiya ba, baya ba ya miƙewa,
in baya bai miƙe ba, wa zai ɗauke shi aiki?
Hansai, matarsa, ba ta ce uffan ba.
Tukunya kawai ta ɗauko ta kife a gabana,
ko digon ruwa bai zubo ba.
Yarinyarsu na tsotsar bakin zanenta.

Mai unguwa ya ce a soke sunansa, kowa ya huta.
Liman ya ce abin da ya bar hannunka
ya daina zama naka, saura tsakaninsa da Allah.
Ogana, da na kira shi a waya,
ya ce talaka dama bai iya tattali ba.
Ina jin ƙarar cokali a faranti ta bayansa.

Ni ma fa, da la'asar, a teburin Ilu mai shayi,
na sa aka zuba mini madara har sau biyu,
na kunna kara ɗaya na taba,
duk daga kuɗin alawus.
Wannan ma daga aljihun gwamnati ya fito,
ba wanda ya biyo ni da biro.

To wa ya ce mai yunwa ciki kaɗai gare shi?
Ba shi da harshe? Ba ya marmari?
Sai kuma in tuna tukunyar Hansai a kife,
maganar ta maƙale.

Da dare, a hasken cocila, na cika takarda.
Tsiren Ɗantani na sa shi a abinci,
ai ba ƙarya na yi ba.
Goron Tabawa na sa a magani,
Allah ya yafe mini in kuskure ne.
Na zo kan Bawale, biro ya tsaya.
In na faɗi gaskiya, a soke sunan,
yarinyar ce za ta kwana da hukuncin.
In na rufa, gobe ma ƙwaya ce.
A gefen takarda, inda ba layi, na rubuta ƙanana:
a mayar da katin hannun matar.
Ban san ko akwai mai karanta gefe ba.

A aljihuna na tarar da ɓarin goro,
Tabawa ce ta cusa mini da zan tashi.
Na tauna. Ɗaci har kunne.
Na kurɓi ruwan randa a kai,
na zauna ina jiran zaƙin ya zo.